Karatun mastar ba tare da sayar da shanun gida ba: yadda na zaɓi makaranta

A bazarar da na fara tunanin komawa makaranta, ina tsaye ne a bakin wata rijiya arewa da Dakwaro, ina kallon saniyar da ni da hannuna na yi wa allurar ciwon huhu wata huɗu kafin nan. Maza uku sun zura mata sanduna a ƙarƙashin ciki suna ƙoƙarin tayar da ita. Ta tashi, ƙafafunta suka yi rawa, ta sake zubewa. Ba zazzaɓi, ba tari, ba majina. Na buɗe bakinta na duba dasashi, na shafa haƙarƙarin da ake iya ƙirgawa daga nesa. Arɗon wurin, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya bar ni na gama dube-dubena sannan ya ce:

"Likita, allurarku ta yi aiki, huhu bai kama ta ba. To a cikin sandukin nan naka akwai allurar yunwa?"

Na rasa amsa. Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini burtalin da ya miƙe kudu. Iyakar ganin ido garmani ne ya rufe shi, tsiron da masana ke kira Sida cordifolia, wanda dabba ba ta waiwayarsa sai in ta rasa yadda za ta yi. Ya ce lokacin da yake saurayi komayya da gadagi ne a wurin, har maraƙi kan ɓace a cikinsu. Ya tambaye ni me ya kawo garmani, me kuma zai kore shi. Ina da takardar makarantar horon ma'aikatan karkara ta Kollo, ina da lisans, ina da shekara tara a bakin aiki, amma ban iya ce masa komai ba.

Wannan rubutu na yi shi ne don abokan aikina da ke Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, waɗanda ke tambayata a WhatsApp inda ya kamata su nemi mastar a fannin kula da albarkatun ƙasa da kare muhalli, alhali aljihu ba nauyi. Zan faɗi yadda na yi lissafina, har da wurin da na yi tuntuɓe.

Me ya haɗa mai allura da karatun ciyawa?

Duk shekara ana fita rigakafin kyauta na ciwon huhun shanu, da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, da cutar numfashi ta raƙuma. Aiki ne mai muhimmanci, kuma ba zan daina shi ba. Sai dai duk wanda ya daɗe a daji ya san cewa rabin matsalolin da ake kiranmu a kansu daga ƙasa suke fitowa.

Lissafin da ma'aikatar kiwo ke amfani da shi a ƙarshen kowace damina mai sauƙi ne. Ana ɗaukar dabba mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni. Tana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a yini. Rani da bazara wata tara ne, wato kwana 270, abin da ya kama kusan tan 1.7 ga dabba guda. Ma'aikata kan shiga makiyaya su yanki ciyawar da ke cikin murabba'in mita ɗaya a wurare da yawa, su shanya, su auna, sannan a gwama da hotunan tauraron ɗan'adam a fitar da abin da ƙasa ta bayar. Daga cikinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ake ƙirgawa a matsayin abin da zai shiga cikin dabba, saura rana da iska da gara da wutar daji da tattakawa ne ke cinyewa. In wannan lissafi ya nuna giɓi a watan Oktoba, to ka san irin gawar da za ka gani a watan Mayu da Yuni. Waɗanda suka ga bazarar 2010 ba sa buƙatar a yi musu bayani, balle iyayenmu da suka ga 1973 da 1984.

Cututtukan ma da yawansu suna bin ruwa da ƙasa. Ƙwayar ciwon saifa takan yi shekaru da dama tana kwance a cikin ƙasar da aka yar da mushe. Tsutsar hanta tana bi ta jikin ƙananan katantanwar da ke fadama da bakin tabki. Zazzaɓin kwarin Rift da ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a 2016, ya sa dabbobi ɓari ya kuma kashe mutane, sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, sauron kuwa a tabkunan damina yake haihuwa. Idan burtali ya toshe, garke da yawa sukan cunkushe a rijiya ɗaya, nan ne cutar wannan ke tsallakawa ga wancan.

Ga kuma dokoki. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010 da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, duk suna nan a rubuce. Kwamitocin filaye da ake kira COFO su ne ke zama kan maganar burtali da mashaya. Na sha halartar zamansu na koma gida ban buɗe baki ba, saboda mai taswira da mai alƙaluma su ake saurare. Abin da na tafi nema ke nan: in iya auna makiyaya, in iya zana taswira, in iya kare abin da na auna a gaban mutane.

Takardar tallar da ta ci mini jika 150

Farkon abin da na yi shi ne kuskuren da kowa ke yi. Na jera makarantu bisa kuɗin da aka rubuta a takardar talla, na ɗauki ta ƙasa. Wata makaranta ce mai zaman kanta a Yamai, ba zan ambaci sunanta ba. Darasi Asabar da Lahadi, wani ɓangaren ta intanet, biya kashi-kashi. Na aika dosiye, na biya kuɗin rajista da kashin farko, jimilla jika 150.

Da na je makon farko sai na tarar da aji ɗaya a saman bene, an haɗa mu da masu karatun tafiyar da furoje da masu karatun kasuwanci, malami ɗaya yana karanta mana rubutu daga allon kwamfuta. Na tambayi ina ake fita aikin daji, aka ce kowa zai nema wa kansa. Na tambayi wane malami ne zai duba memuwar a kan makiyaya, aka ce sai lokacin ya zo. Wani yayana a wurin aiki, wanda ya riga ni yin mastar, shi ya ce mini: "Ƙanena, kafin ka ƙara ko dala, je ka duba ko takardarsu tana cikin waɗanda CAMES ta amince da su." Na duba. Sunan makarantar yana nan a kan wani fanni dabam, nawa fannin babu shi. Kuɗina bai dawo ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, ni kuwa da jika 150 na sayi fassarar karin maganar.

CAMES majalisa ce ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, an kafa ta a 1968, mazauninta yana Wagadugu. Tana tantance takardun digiri ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne takarda ake tantancewa, ba ginin makaranta ba, don haka makaranta ɗaya tana iya samun fanni mai shaida da fanni marar shaida. Izinin buɗe makaranta daga ma'aikatar ilimi mai zurfi ma abu ne dabam da amincewa da takardar da za ta ba ka. Mastar na ƙwarai a tsarin LMD shekara biyu ne, zango huɗu, kiredi 120 a kan 180 na lisans. Duk wanda ya ce zai ba ka mastar cikin wata tara daga lisans, ka riƙe kuɗinka.

Shanu uku na Baba

Da labarin ya kai gida, mahaifina ya kira ni. Yana da ƴan shanu a hannun wani Bafulatani amininsa. Ya ce: "Ɗana, in karatun waje ne ya fi, a kai saniya ɗaya da karsana biyu kasuwar Sakabal. Dukiya don irin wannan rana ake tara ta."

Na ji daɗin maganar, amma na kwana ina juya ta. Saniya a ƙasarmu takan haihu kusan sau ɗaya a shekara biyu, karsana kuma sai ta kai wajen shekara huɗu kafin haihuwar fari. Mata uku a ƙaramin garke su ne garken. Nonon da ƙannena ke sha daga nan yake, kuma su ne abin da gida zai jingina da shi ranar da hatsi ya ƙare. Ni da nake yawo rugga-rugga ina roƙon makiyaya su sayar da tsofaffin maza tun kaka su bar mata masu haihuwa, ina zan sa fuskata in na fara da matan garken gidanmu? Washegari na ce masa: "Baba, a bar su. In karatun bai yiwu sai da su, to lokacinsa bai yi ba." Wannan ita ce ƙa'idar da na ɗora sauran lissafina a kanta.

Kuɗi biyar, ba ɗaya ba

Na ɗauki kaye na raba shafi gida biyar, kowace makaranta na cika mata su.

Gida na farko kuɗin makaranta ne: dosiye, rajista, kuɗin darasi, da kuɗin ranar kare memuwar. A jami'o'in gwamnati ma akwai bambanci tsakanin mastar na bincike da mastar na ƙwarewar aiki, na biyun ya fi tsada, kuma ma'aikaci ko wanda wata ƙungiya ta turo yakan biya fiye da ɗalibin da ya zarce daga lisans. Ka nemi a rubuta maka adadin shekara biyun duka a takarda mai hatimi.

Na biyu zama ne: haya, abinci, wuta, ruwa, kuɗin taksi ko kabu-kabu, da motar zuwa gida. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Mai iyali kuma tukunya biyu zai riƙa ɗorawa.

Na uku shi ne wanda ba a rubutawa a ko'ina: albashin da za ka rasa. Ma'aikacin gwamnati da ya samu izinin ƙaro ilimi bisa ƙa'ida yana da sauƙi. Mu da ke aiki da ƙungiyoyi da kwantaragi, in ka tafi wata 24, ka lissafa albashin wata 24, ka kuma sani kujerarka ba lalle ta jira ka ba. A nawa lissafin wannan gida ya fi sauran huɗun a haɗe.

Na huɗu binciken memuwar ne. A fanninmu ba a rubuta shi a ɗaki. Akwai man babur, da sikeli, da buhunan ɗibar ciyawa, da awon ƙasa ko na ganye a ɗakin gwaji, da ɗan abin hasafi ga wanda zai yi maka tafinta da Fulatanci ko Buzanci, da bugawa da ɗinke kundin. Ɗalibai da yawa a nan suke maƙalewa: sun gama darasi, sun ci jarrabawa, amma ba kuɗin fita daji.

Na biyar jinkiri ne. Yajin aiki, ko malamin da ya yi tafiya, ko damina da ta wuce ka. Wannan na ƙarshe ya fi shafarmu, domin ciyawa ba ta jiran kalandar makaranta. Wanda bai yi awonsa tsakanin Agusta da Oktoba ba, sai wata shekara. Na ƙara wata shida a kan kowane lissafi don kada abin ya zo mini ba shiri.

Da na haɗa gidajen biyar, jerin nawa ya kife. Wadda take ta fi araha a takardar talla ta koma tsakiya, kuma takardarta ba ta da amfani gare ni.

Ƙofofin da na ƙwanƙwasa

A cikin gida, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tsangayar aikin gona, a cikinta akwai cibiyar CRESA da ta daɗe tana horo kan kare muhalli da tsarin noman Sahel, da kuma cibiyar CERPP mai kula da nama, nono da fatu, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli, ga kuma malaman tsirrai da suka yi aiki sosai a kan dazuzzuka da makiyayan yankin. Damagaram tana da Jami'ar André Salifou, inda masu sha'awar labarin ƙasa da tsara filaye za su duba, Tawa tana da Jami'ar Djibo Hamani, ta Difa kuwa an gina ta ne a kan sha'anin muhalli. Fannonin da ake buɗewa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka sanarwar bana ita ce abin dogaro.

Har wa yau a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1974. Su ne gwanayen hotunan tauraron ɗan'adam da hasashen damina. Sun horar da ɗalibai a mastar na kiwo da tallafin shirin PRAPS, wanda ya haɗa ƙasashe shida: Nijar, Mali, Burkina Faso, Cadi, Muritaniya da Senegal. Irin wannan gurbi mai tallafi ba kullum yake fitowa ba, kuma sau da yawa ta hannun ma'aikatu ake neman ƴan takara. In kana so, dosiyenka ya zauna a shirye tun kafin sanarwa.

A maƙwabta, makarantar likitancin dabbobi ta EISMV da ke Dakar, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, tana da darajar da ba a musu, sai dai zaman Dakar yana da tsada ƙwarai. Makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, tun 1970 take horar da masu kula da gandun daji, ta dace da wanda zuciyarsa ke kan wurare irin su gandun W, ko Termit da Tin-Tumma, ko Gadabeji. ERAIFT ta Kinshasa makaranta ce mai kyau, amma ƙarfinta yana kan dazuzzukan ƙasashe masu ruwa, ni kuwa tambayata a kan garmani take. Jami'ar Senghor ta Iskandariya a Masar tana ɗaukar ɗalibai ta hanyar konkur, tana da fannin kula da muhalli da wuraren da aka keɓe. Da yake ta ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ce, Nijar kuma ta sanar da ficewa daga ƙungiyar a Maris na 2025, mai nema ya fara tambayar matsayin ɗan Nijar a wajen tallafi kafin ya kashe kuɗin dosiye. Ga jami'o'in gwamnati na Burkina, Benin, Togo ko Senegal, akwai ƙa'idar UEMOA ta 2005 da ta ce a yi wa ɗaliban ƙasashen ƙungiyar kuɗin rajista daidai da ƴan ƙasa. Ka san da ita, ka kuma ambace ta.

Kano ta ja hankalina sosai. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tana karɓar ɗalibai daga maƙwabta, tana da mastar kan albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. Daga Maraɗi ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, Hausa ake yi a kasuwa, faɗuwar naira kuma ta sa sefa tana da ƙarfi a can. Abu biyu suka tsayar da ni. Karatu da rubutun kundi da Ingilishi ne, nawa kuwa bai wuce na karanta takardar magani ba, sai na ƙara kusan shekara ta koyon harshe. Sannan rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna mana cewa hanyar Ɗan Isa da Jibiya tana iya toshewa dare ɗaya. Ga wanda Ingilishinsa ya nuna, ƙofa ce mai kyau, sai dai ya tanadi maganar daidaita takardarsa in ya dawo.

Turai kuwa lissafinta a fili yake. Euro ɗaya sefa 655.957 ne. Kuɗin rajistar mastar da Faransa ta ƙayyade wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba a 2019 Euro 3,770 ne a shekara, kusan sefa miliyan biyu da rabi, ba a yi maganar haya da jirgi da biza ba. In ba da cikakken tallafi ba, irin na Erasmus Mundus da ke ba da Euro 1,400 a wata, ban ga dalilin da ɗan makiyayi zai sa gidansu cikin bashi ba. A nema, ba laifi, neman ba ya cin komai sai lokaci. Haka guraben Maroko da Aljeriya da kan biyo ta hukumar ANAB. Amma kada mutum ya ajiye aikinsa yana jiran amsa. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya don ya samo maka tallafin karatu, ɓarawo ne.

Tambayoyin da suka raba mini gardama

Bayan tuntuɓen farko, na daina tambayar masu karɓar baƙi a ofis. Na koma neman tsofaffin ɗalibai, aƙalla biyu daga kowace makaranta, ina yi musu tambayoyi iri ɗaya.

Wata nawa kuka yi daga ranar shiga zuwa ranar da takarda ta zo hannu? Cikin ajinku mutum nawa suka kare memuwar? Sau nawa aka fita da ku daji, kuma wa ya biya mota? An koya muku zana taswira da hannunku a kan kwamfuta, ko a allo kawai aka nuna muku? Wannan tambaya tana da nauyi, domin manhajar QGIS kyauta ce, KoboCollect da muke cika tambayoyi da ita a waya ma kyauta ce, makarantar da ba ta koyar da su ba ta da hujjar rashin kuɗi. Sai ta ƙarshe: wane malami ne ya taɓa taka ƙafarsa a makiyaya, yana kuma ɗaga waya in ɗalibi ya kira?

Na gane cewa a matakin mastar, malamin da zai duba aikinka ya fi sunan makarantar tasiri a kan abin da za ka koya. Na nemi kundayen da aka kare a shekarun baya na karanta uku. Daga nan na san wanda nake so ya duba ni, tun kafin in cika takardar neman shiga. Na same shi da tambayar arɗo a rubuce a shafi ɗaya. Ya karanta ya ce: "Malam, wannan tambaya ta fi ƙarfin memuwar ɗaya. Rage ta zuwa burtali biyu, mu ga abin da za ka iya aunawa a damina guda."

Abin da na zaɓa

Na zaɓi Maraɗi. Dalilan ba su da wani ado. Dakwaro tana da nisan kimanin kilomita 120, ina iya zuwa in dawo. Ina da ɗan'uwa a gari, haya ta fita daga lissafi. Shugabannin aikina sun yarda in koma rabin lokaci a watannin darasi, na riƙe rabin albashi maimakon in rasa shi duka. Mafi girma, filin bincikena shi ne filin aikina. Babur ɗin da ke kai ni duba dabbobi shi ke kai ni awon ciyawa, makiyayan da zan yi wa tambayoyi sun san ni shekara da shekaru, ba sai na sayi amincewarsu da goro ba. Gida na huɗu a kayena, wanda ke kayar da mutane, ya zama mafi ƙanƙanta.

Jihar kanta makaranta ce ga mai wannan fanni. A nan ne sassaben zamani ya samo asali a shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin kututturan gawo da kalgo da sabara su sake tofowa a gonaki, abin da aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan biyar a faɗin kudancin ƙasar. Kowane makiyayi ya san darajar ƴaƴan gawo a bazara. Ga dajin Baban Rafi a kudu, ga kwarin Tarka inda noma da kiwo ke gogayya, ga Gadabeji a arewa, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. A can namun daji da shanun Fulani da raƙuman Buzaye suna cin ciyawa ɗaya, kuma tambayar yadda za a raba ta ba tare da an kori kowa ba tana nan a buɗe.

Ba na cewa kowa ya bi sawuna. Wata abokiyar aikina a Tawa, mai ƴaƴa ƙanana, kusanci da gida shi ne farkon abin da ta duba, kuma tana da gaskiya. Wani matashi da bai da iyali, Ingilishinsa kuma ya yi kyau, na ce masa ya gwada Kano da guraben waje duka. Wanda ke hangen koyarwa a jami'a ya ɗauki mastar na bincike, domin shi ne ke buɗe ƙofar digiri na uku. Wanda ke son ƙarin girma a aikin gwamnati ya tabbatar ya samu izini a rubuce kafin ya tafi, kada ya dawo da takarda a ce ba a san da tafiyarsa ba. Akwai ma wanda na ba shawarar ya dakata: abin da yake buƙata horon taswira ne na ƴan makonni, mastar zai ci masa shekara biyu a banza.

Damina ta wuce, awo yana hannu

Yanzu ina shekara ta biyu. A daminar da ta wuce na kafa wuraren awo a burtali biyu, ɗaya wanda garmani ya cinye, ɗaya wanda mutanen gari suka tuge shi kafin ya zuba iri suka watsa irin komayya. Ƴaƴan arɗo ne suka riƙe mini igiyar awo, su ne kuma suka gyara mini sunayen ciyayi guda huɗu da na rubuta ba daidai ba. Buhunan samfur suna rataye a ɗakin ɗan'uwana, matarsa tana tambaya yaushe za a kwashe mata wannan harawa.

Ban kai ga amsar da zan ba arɗo ba tukuna, kuma na faɗa masa haka. Abin da na fara gani shi ne tuge garmani kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar dabbobin gari da na baƙi duka a wannan siririn wuri za su taru duk damina saboda gonaki sun matse shi hagu da dama. Maganar ta koma gaban kwamitin filaye, kuma a zaman da aka yi bayan girbi na je da taswirar da na zana da kaina, mai nuna faɗin burtalin a wurare goma sha biyu. An saurare ni, an kuma sa ranar fita duba iyakoki.

Shanun Baba uku suna nan. Ɗaya daga cikin karsanan ta haihu a watan Yuli.

Ga mai niyyar nema a bana: a fara haɗa takardu tun yanzu, musamman takardun sakamako na shekarun lisans da kwafin da aka buga wa hatimi, domin su ne ke cin lokaci. A raba shafi gida biyar. A nemi tsofaffin ɗalibai biyu. Wanda ke da tambaya kan wata makaranta daga cikin waɗanda na ambata ya rubuto a ƙasa, in na sani zan faɗa, in ban sani ba zan haɗa shi da wanda ya zauna a ajin.